Abin da Koci Tuggle Ya Sani

Lamont Tuggle shi ne kocin 'yan tsaro a ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta wata ƙaramar kwaleji a jihar Mississippi ta ƙasar Amurka. Aikin yaransa ɗaya ne: duk wanda ya rungumo ƙwallo ya sheƙo da gudu, su tare shi su kai shi ƙasa. A wannan kwalejin shi ma ya yi wasa yana saurayi, a filinta gwiwarsa ta hagu ta lalace, ya tashi da wani ɗan ɗingishi da yaran suke kwaikwaya idan ya ba su baya. Ya sani sarai, bai dai taɓa nuna musu ba.

Wata Asabar a tsakiyar kakar wasa suka je baƙunta aka yi musu dukan kawo wuƙa. Yaran Lamont sun wuni suna kai hannu kamar masu kamun kaza, abokan karawarsu suna sulluɓe musu. A motar dawowa ko tari babu mai yi. Babban koci, Buford Haynie, wani tsoho mai jan wuya da ba ya rabo da taba a kumatu, shi kaɗai yake magana. Ya ce duk laifin sababbin dokoki ne, an rage ranakun da za a yi karo na gaske a wajen atisaye, yara sun koma rungumar buhunan soso, ga shi yau an ga amfaninsa. Ya ce har yanzu dai doka ba ta hana shi ranar Litinin ba, don haka kowa ya zo da hular kwano da sulken kafaɗa, za a tuna wa mutane irin wasan da suka zo yi.

Washegari bayan an taso daga coci, 'yan tsaro suka taru kallon bidiyon wasan. Da aka watse, kyaftin ɗinsu Tavaris Gholston ya tsaya a baya. Saurayi ne ƙaƙƙarfa mai yawan barkwanci, yana shekararsa ta ƙarshe, kuma Lamont da kansa ya je har ƙauyensu ya roƙi uwarsa ta ba shi yaron. Ranar yana sanye da baƙin tabarau a cikin ɗaki. Lamont ya soma tsokanarsa, wai ko kunyar bidiyon ce ta sa ya rufe ido, ko kuwa ya zama mawaƙi ne ba su sani ba. Yaron ya yi ɗan murmushi, ya tura ƙofa ya rufe.

Ya ce tun da aka dawo hutun rabin lokaci jiya, sa'ad da kan nasa ya haɗu da gwiwar wani, kan yake sara masa. Da safe ya yi amai. Hasken fitila ji yake kamar ana soka masa allura a ido. Lamont ya miƙe ya ce su je wajen Mis Corinne, mai kula da lafiyar 'yan wasa. Tavaris ya tsaya a bakin ƙofa.

"Koci, don Allah. In ta ji, sai ta zaunar da ni makonni, ka san halinta. Asabar mai zuwa masu farautar 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi za su zo, kuma ni za su zo gani. Mama ma ta ɗauki hutu a wajen aiki. Daga wannan ba ni da wata."

"Ciwon kai ba ciwon ƙafa ba ne, ɗana."

"Kai ba ka taɓa buga wasa da ciwon kai ba?"

Ya taɓa, ba sau ɗaya ba. A zamaninsu idan mutum ya tashi yana ganin wuta-wuta, sai a nuna masa yatsu a ce ya ƙirga, ko ya yi kuskure a buga masa baya a mayar da shi fili. Ga shi nan kuma da ransa, da mata da 'ya'ya. Da wannan Lamont ya lallashi zuciyarsa. Ya ce wa yaron ya je ya kwanta a duhu ya sha ruwa da yawa, gobe zai nemo dalilin da zai cire shi daga karo, idan kuma zuwa Laraba kan bai sake shi ba, to babu sauran roƙo. Tavaris ya rungume shi har sai da ƙafafunsa suka bar ƙasa.

Litinin da la'asar rana tana nan da zafinta. Haynie ya sa aka jera buhuna layi biyu, aka bar wani siririn lungu a tsakani, wanda mutum biyu ba za su iya wuce juna a ciki ba. Ɗaya ya ɗauko ƙwallo, ɗaya ya tare shi, babu wajen kaucewa, sai dai gware. Sauran yara suka kewaye suna ihu suna buga huluna. Lamont ne mai busa usur. Ya riga ya tura Tavaris can gefe wajen keken motsa jiki, ya ce wa mai tambaya idon sawu ne yake ɗan damunsa.

An yi ta karawa, ƙura tana tashi, Haynie bai gamsu ba. Can sai ya waiga.

"Tuggle, ina kyaftin ɗinka? Wanda ya fi kowa zubar mana da mutunci shi ne yake can yana tuƙa keke kamar mai zuwa kasuwa?"

Lamont ya ce idon sawu ne. Tsohon ya tofar da taba ya ce shi ma idon sawunsa yana ciwo tun kafin a haifi uban yaron. Ya ɗaga murya ya kira Gholston, ya tambaye shi a gaban kowa ko ya zo wasa ne ko ya zo kallo. Yara suka ɗauki sowa suna kiran sunansa. Tavaris ya sauko daga keke, ya kifa hularsa, ya taho yana sassarfa. Da ya zo daidai da Lamont ya dube shi ta cikin ƙarafan hular. Mis Corinne tana nan kusa, tana ɗaure wa wani yatsa, ko murya ba sai ya ɗaga ba za ta ji shi. Lamont ya ji maganar ta taho har bakinsa. Sai ya tuna yadda Haynie ya kori kocin da shi Lamont ya gada, a tsakiyar fili, gaban yara. Ya ce a ransa sau ɗaya ne kawai, ya sa usur a baki.

Wanda aka ba ƙwallon Dequan Mabry ne, abokin ɗakin Tavaris tun shigowarsu kwaleji, gajere mai kaurin cinya. Ya tsaya yana jujjuya ƙwallon kamar ba ya so, har Tavaris ya ce masa ya taho mana, ko sai an aiko masa da mota. Aka yi dariya. Lamont ya busa.

Ƙarar haɗuwarsu har masu yankan ciyawa a ɗaya filin sun ɗago kai. Dequan ya faɗi rigingine, Tavaris a kansa. Haynie ya yi tafi ya ce to yanzu ya ga ƙwallo, a sake. Lamont ya sake busawa. Suka sake haɗuwa, suka sake zubewa. Tavaris ya miƙe, ya miƙa wa abokinsa hannu ya ɗago shi, ya faɗi wata magana da ta sa na kusa dariya, ya nufi wajen ruwa. Bai kai ba ya durƙusa kamar mai ɗaure igiyar takalmi, daga nan ya kife.

Jirgi mai saukar ungulu ne ya kai shi babban asibitin birni, aka wuce da shi ɗakin tiyata. Lamont ya bi su a mota da kayan atisayensa a jiki. Da likita ta fito ta ce jini ne ya taru a ƙwaƙwalwa, sun buɗe sun kwashe, sauran sai abin da Ubangiji ya yi. Sannan ta tambaya ko yaron ya sami wani bugu a kai kwanan nan, ko ya yi kukan ciwon kai ko amai, domin irin wannan ya fi samun kan da bai gama warkewa daga bugun farko ba. Haynie ya ce shi bai ji ba. Mis Corinne, idanunta sun yi ja, ta ce bai zo wajenta ba. Likitar ta dubi Lamont. Ya girgiza kai.

Uwar yaron, Mis Earline, direbar motar 'yan makaranta ce, da rigar aikinta ta iso. Da ta ga Lamont ta wuce kowa ta kama hannunsa da hannu biyu. Ta ce ta san yana nan, shi ya sa hankalinta bai gushe a hanya ba, Tavaris kullum cewa yake ba shi da uba sai Koci Tuggle. Ta sa shi ya durƙusa tare da ita a kan tayil ɗin asibiti suka yi addu'a. Yana jin bakinsa yana cewa amin.

Yaron bai mutu ba. Bayan kwanaki ya buɗe ido, daga baya ya soma magana a hankali, kalma tana jiran kalma. Hannunsa na hagu ya ƙi biyayya, gefen fuskarsa ya saki. Kuma duk abin da ya faru tun daga wasan Asabar har faɗuwarsa ya goge daga kansa tas. Ranar da Lamont ya ji haka sai ya ji wani sanyi ya ratsa shi, kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Kafin ya kai mota ya gane abin da ya yi wa murna, ya tsaya a bayan wata bishiya ya amayar da abincin ranar.

Kwaleji ta kafa kwamiti. Suka bincika suka ce ba a karya doka ba, ranar karo ce, kowa da cikakken sulke. Amma da suka sake kallon bidiyon Asabar sai ga inda kan Tavaris ya haɗu da gwiwa, ga shi ya tashi yana ɗan tangaɗi. Aka ce aikin wa ne ya lura? Aka dakatar da Mis Corinne. Ta kwashe kayanta a kwali, ta bi ofis-ofis tana sallama, har da na Lamont, ta ce masa ya kula mata da yaran.

Wasa bai tsaya ba. Aka manna lambar Tavaris a bayan kowace hula, yara suka shiga fili da kuka suka fito da nasara, mako bayan mako. Mutanen gari suna tare Lamont a kanti suna cewa 'yan tsaronsa sun zama zakuna. Duk sa'ad da ya je asibiti, Mis Earline sai ta ajiye masa soyayyar tarwaɗa da burodin masara a cikin takarda, ta ce ya rame. A gida matarsa Yolanda ta lura ya daina cin abinci tare da su, yana zama a mota a ƙofar gida har shayinsa ya huce. Ta tambaye shi, ya ce gajiya ce. A fili kuwa ya miƙa wa wani ƙaramin koci usur, ya ce haƙori yake masa ciwo.

Dequan ne bai dawo ba. Tun ranar bai sake sa hula ba, daga baya ya daina shiga aji, aka ce ya koma garejin kawunsa a wani gari kusa, yana facin taya. Yara suka ce ko asibiti ya kasa zuwa, yana cewa shi ya kashe abokinsa. Wannan ya fi komai tsaya wa Lamont a rai. Mis Corinne babba ce, ya ce wa kansa, za ta sami wani aiki. Amma yaro ya ɗauki kayan da ba nasa ba yana ta tafiya da shi, mai kayan kuma yana nan ana yi masa tafi.

Wata Alhamis da hantsi ya tuƙa ya je. Ya sami Dequan tsugune gaban wata tayar babbar mota, ya zube, wuyansa ya yi tsawo. Yaron ya ɗago ya gaishe shi ba tare da ya miƙe ba. Lamont ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, wai yara suna kewarsa, wai malamai sun ce har yanzu zai iya cike gurbin karatu. Daga ƙarshe ya ce abin da ya kawo shi. Ya ce ba bugun Dequan ne ya yi wannan ɓarnar ba, kan ya riga ya sami rauni tun Asabar, kuma akwai wanda ya sani ya yi shiru.

"Ni ne," in ji shi. "Ya faɗa mini ranar Lahadi."

Dequan bai ajiye ƙarfen da ke hannunsa ba. "Na sani, Koci."

Lamont ya dube shi.

"Ɗaki ɗaya muke kwana. Ni na rufe tagogi da bargo, ni na wanke inda ya yi amai. Da ya dawo daga wajenka cewa ya yi in kwantar da hankalina, Koci Tuggle ya sani, ba zai bari a taɓa shi ba. Da aka miƙo mini ƙwallo, kai nake kallo. Na ce yanzu zai hana. Da na ji ka busa sai na ce, to, ƙila ya san abin da ban sani ba."

Wata mota ta tsaya tana hon, kawun ya fito ya tare ta. Dequan ya ce da kwamiti ya kira shi ya yi niyyar faɗa, amma in ya faɗi na koci dole ya faɗi nasa, kuma ya kasa tunanin yadda Mis Earline za ta dube shi, matar da take aiko musu da abinci su biyu a kwano ɗaya. Don haka ya zauna yana jira ya ga ko babba zai fara. Ya ce ya jira har ya daina jira.

Lamont ya zo ne da niyyar sauke wa yaro kaya, sai ya tarar duk makonnin nan akwai idon da yake kallonsa yana karɓar gaisuwar mutane. Da ya miƙe, ya ce daga nan gidan Mis Earline zai wuce, ba kuma zai ambaci sunan kowa ba sai nasa. Dequan ya goge hannu da tsumma, ya shiga ya yi wa kawunsa magana, ya fito ya buɗe ƙofar motar ya zauna.

An riga an sallamo Tavaris a lokacin. Suka tarar da Mis Earline a barandar gidanta tana ɓarar wake, tsakanin jigilar safe da ta yamma. Da ta ga Dequan ta ture kwanon ta rungume shi tana yi masa faɗan ɓacewar da ya yi. Lamont bai yarda ya zauna ba. A tsaye a kan matakala ya faɗa mata komai, tun daga baƙin tabarau har girgiza kan da ya yi wa likita. Dequan ma ya faɗi nasa, kansa a ƙasa. Ta saurare su har ƙarshe, hannunta a cikin wake. Ta ce wa Dequan ya shiga ciki abokinsa yana nan. Sannan ta dubi Lamont.

"Na riƙe hannunka a asibiti," ta ce. "Tare muka durƙusa."

"Haka ne, Ma."

"Kana ci mini abinci."

Ta daɗe tana kallon titi, sannan ta ce ba ita za ta kai wa ɗanta wannan labari ba, wanda ya dafa shi ya kai da kansa.

Tavaris yana zaune a kujera gaban talabijin, an aske rabin kansa, ga tabon ɗinki ya zagayo bayan kunne, yana matsa wata ƙwallon roba da hannun da ya mutu. Ya yi murna da ganinsu. Lamont ya durƙusa a gabansa da gwiwarsa mai ciwo ya sake maimaita labarin. Yaron ya saurara yana ƙyafta ido, kamar ana ba shi labarin wani.

"Ni... na roƙe ka?"

"Kai ka roƙe ni."

"To ai... har da laifina, Koci."

"A'a. Kowane yaro zai roƙa. Ni aka ajiye a wurin don in ƙi."

Tavaris ya juya maganar a ransa. Can ya dubi Dequan, ya dubi kocinsa, ya tambayi abin da ya fi damunsa, wanda ya ce kowa ya ƙi gaya masa: a lungun nan, ya kayar da Dequan kuwa? Lamont ya ce ya kayar da shi, duka biyun. Rabin fuskar da yake motsi ya washe da murmushi, ya ce ai ya sani, wannan gajeren bai taɓa wuce shi ba. Dequan ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Lamont ya fita.

Washegari ya je gaban kwamiti. Kafin mako ya ƙare an sallame shi daga aiki. Aka wanke Mis Corinne aka ce ta dawo, ta ce ta gode, ta riga ta sami wuri a wata jiha; ya yi ta kiranta ba ta ɗauka ba, ya bar mata saƙo ba ta mayar ba. Haynie ya ce shi ba a gaya masa komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ƙarasa kakarsa, ya yi ritaya, aka yi masa liyafa da gasasshen nama. Wanda ya gaje shi ya soke atisayen lungu, waɗansu tsofaffin 'yan wasa suna ta gunaguni a shagon aski wai an mayar da ƙwallo wasan yara. Dequan ya koma aji ya gama karatunsa, bai sake taka fili ba.

Lamont ya kama aiki a wani kantin kayan gini a bakin gari. Yolanda ta yi kwanaki ba ta yi masa magana, ba don aikin ba, sai don ya bar ta tana kai wa Mis Earline gaisuwa ba ta san komai ba. Mis Earline kuwa ba ta kai shi ƙara ita da kanta ba, ta bar lauyoyi da kwaleji, amma ba ta sake ce masa ya shigo ba. Idan sun haɗu a hanya takan ɗaga masa yatsu daga kan sitiyari, iyakarta ke nan.

Tavaris ne bai rabu da shi ba. Ya koyi tafiya da sanda, ya koyi ɗaure maɓalli da hannu ɗaya. Duk Asabar ɗin kakar wasa, da an tashi daga wasa, sai ya bugo waya yana jan magana a hankali, yana zagin 'yan tsaron bana, wai ba su iya tare mutum ba, wai Koci ya ga yadda wancan ya kauce kamar mai tsoron ruwa? Lamont ya daina kallon ƙwallo tun ranar da ya bar kwaleji. Amma yakan ajiye abin da yake yi, ya fita bayan kanti inda ake jibge katako, ya ce bai gani ba, ɗana, ba ni labari. Sai ya tsaya yana saurare har yaron ya gaji.